Kafin a Buga Hatimi a Zane: Yadda Muka Daidaita Gida da Rana da Iska a Zariya

Yawancin masu gini a Zariya titi ne ke zaɓa musu inda gida zai fuskanta. Duk inda get ya kalla, nan falo zai kalla, nan manyan tagogi za su kalla, ko da kuwa yamma ce tsantsa. Sai an tare, bazara ta kankama, ɗaki ya ƙi kwantuwa har ƙarfe ɗayan dare, sannan a shiga neman kuɗin na'urar sanyaya ɗaki da man janareta. Na bi wannan hanya tun daga sayen fili har zuwa rufi, kuma abin da na gani shi ne maganar zafi a wurare uku ake gama ta, tun ba a sauke tifar yashi ko ɗaya ba: wajen dillali, wajen safiyo, da kan teburin mai zane. Zan jera matakan yadda suka zo, domin mai shirin gini ya san inda zai tsaya da ƙafarsa.

Dillali ya nuna mini filaye biyu a wata sabuwar unguwa ta bayan Samaru, kowanne ƙafa 50 a 100, wato kimanin mita 15 a mita 30. Na farko bakinsa na kallon kudu, na biyu na kallon gabas. Shi hankalinsa na kan na farkon: “Alhaji, wannan rana ba ta dukan ƙofarsa.” Game da ƙofa gaskiya ya faɗa, sai dai irin wannan fili siriri ne, dole gini ya bi tsawonsa. Idan bakinsa na kallon kudu ko arewa, dogayen bangaye biyu za su fuskanci gabas da yamma, kuma a jikinsu tagogin ɗakuna suke. Idan bakin na kallon gabas ko yamma, dogayen bangayen sai su fuskanci kudu da arewa, abin da ake nema ke nan. Dalili kuwa, Zariya tana kusan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka da tsakar rana, yawancin shekara rana kusan a ka take. Wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta tana tsayawa daidai ka, a tsakanin nan tana ɗan karkata arewa, sauran shekara tana kudu. Ko a Disamba da ta fi sauka, tana sama da digiri 55 da azahar. Rana mai tsayi haka bakin kwano kaɗai ya isa ya tare ta. Ta hantsi da ta la'asar ce ke zuwa a kwance, ta shiga taga kai tsaye, ta la'asar kuma tana zuwa ne lokacin da iska da ƙasa suka riga suka ɗau zafi. Na zaɓi mai kallon gabas.

Ban biya ba sai da na koma filin bayan ruwa mai ƙarfi, kuma wannan mataki ya cancanci jiran da ke cikinsa. Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma filin da ke bushe ƙamas a Maris yana iya zama tafki. Na duba inda ruwa ya bi, inda ya kwanta, da ko titi ya fi filin tudu. Filayen da suka gangara wajen fadamun Kubanni da Galma laka ce ke da yawa a cikinsu, gini a kai yana buƙatar ciko da harsashi mai tsada, ga danshi a bango da sauro da ke hana buɗe taga da dare, alhali iskar dare ita ce rabin sanyin gida. Jar ƙasa mai marmara a ɗan tudu ta fi. Fili a gindin dutse, irin na wajen Kufena, yana da nasa halin: fa na shan rana yini guda, ya yi ta sakin zafi bayan magariba.

Daga nan sai takardu. Mun zauna a zauren mai unguwa da mai filin da shaidu, aka rubuta takardar ciniki, aka sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa. Kafin a kai ga haka na nemi a duba filin a KADGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye da takardar mallaka a Jihar Kaduna, don a tabbatar ba a kan hanya, layin wuta ko filin gwamnati yake ba. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka takardar mai unguwa shaida ce ta ciniki kawai, neman takardar mallaka aiki ne daban. An nemi takardar cinikin, shaidar ɗan ƙasa, hotuna da rasit na biyan kuɗi. Duk wani kuɗin hukuma ta banki na biya, na adana rasit da kwafinsa. Jiran ya ɗauki makonni, kuma yana cin rai, musamman ana ji farashin siminti na ta hawa. Wannan lokaci ne ya fi dacewa da aikin safiyo da zane.

Shi safiyo aikinsa na yau da kullum shi ne ya auna kusurwoyi, ya kafa duwatsun iyaka, ya fitar da takarda mai kibiyar arewa. Na roƙe shi ƙarin abubuwa uku, ya ɗan ƙara kuɗi kaɗan: ya nuna gangaren filin, ya sa bishiyoyin da ke ciki da katangun maƙwabta, ya kuma kafa mini fegi biyu a ƙasa da ke nuna layin gabas da yamma na gaskiya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci domin layukan unguwanni ba kasafai suke daidai da kusurwoyi ba. Abin da mutane ke kira gabas yakan karkace da digiri 20 ko 30. Kamfas na waya yana taimakawa, amma kusa da rodi, mota ko get na ƙarfe yakan ruɗe. Ana iya gwadawa da sanda: a kafa ta a miƙe a fili mai lebur, a sa alama a bakin inuwarta wajen ƙarfe 10 na safe, a zana da'ira da igiya daga gindin sandar zuwa alamar, a jira bayan azahar inuwar ta sake taɓa da'irar, a sa alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamomin biyu shi ne gabas da yamma. A Zariya inuwa tana kaiwa ƙarshen gajartarta ne wajen ƙarfe 12:30, lokacin zawali, ba 12 daidai ba. Namu filin ya karkace da kusan digiri 10, kuma duk karkatar da ba ta wuce 15 ba ana iya bin iyakar fili ba tare da damuwa ba.

Wajen mai zane aka fi daɗewa. Zariya ba ta rasa masu wannan ilimi, tunda sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, amma a tabbatar wanda zai sa hannu yana da rajistar ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gine-gine rajista a Najeriya, don hatiminsa ake nema a gaba. Zanen farko da ya nuna mini irin na yayi ne: falo mai doguwar taga, kwano ɓoye a bayan farafet (bangon da ke haurawa sama da rufi), bango tsirara ba inuwa. Na ce masa: “Malam, mu fara da rana, ado ya biyo baya.” Sai ya juya takarda ya zana filin kaɗai, da kibiyoyi huɗu. Ɗaya ta ranar la'asar daga yamma. Ɗaya ta iskar hunturu mai ƙura daga arewa maso gabas, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu. Ɗaya ta iskar damina mai sanyi daga kudu maso yamma. Ta huɗu ta hadari, wanda a ƙasar nan daga gabas yake tasowa da guguwa, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa a gidajen ƙasa na cikin birni, magina na da kuma suka fi ba shi kulawa da makuba. A kan waɗannan kibiyoyi muka ɗora gidan: faɗi mita 8, tsawo mita 18, an bar mita 6 a gaba, mita 4 a kudu, mita 3 da 'yan kai a arewa, sauran a baya. Kudu muka ba fili mafi faɗi da gangan, domin katanga mai tsayin mita biyu da rabi idan ta matso taga, iska ta samanta take wucewa, ɗaki ba ya samun komai.

Rabon ɗakuna ya bi wannan tsari. Ɗakunan kwana da falon iyali suna jikin bangon kudu da na arewa. Ƙarshen yamma muka cika da abubuwan da ba a zama a cikinsu: sito, banɗakuna da wurin wanki, su sha ranar la'asar a madadin mutane, tagoginsu ƙanana kuma a sama. Mutane da yawa kan tura kicin yamma, wannan kuwa zalunci ne ga mai girkin dare, ga zafin wuta ga na bango. Namu yana arewa. Gabas, inda ƙofar shiga take, aka yi baranda mai zurfin mita 2, tana tare hantsi da feshin ruwa. Madafar waje ta gawayi da ɗakin janareta da sokawe muka kai kusurwar arewa maso yamma, domin ba ta kan hanyar iskar hunturu ko ta damina zuwa cikin gida; kusurwar kudu maso gabas ma tana yin wannan aiki. Rijiya ta tafi gaba, ta ɓangaren tudu, aka bar fiye da mita 15 tsakaninta da sokawe, kuma da fili ya ba da dama 30 ya fi. Sai alƙibla: daga Zariya tana wajen digiri 67 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata arewa. Tunda banɗakuna suna yamma, idan ba a kula ba mazaunin zai ba alƙibla baya ko ya fuskance ta. An juya kowanne ya kalli kudu ko arewa tun a zane, don bayan an binne bututu gyaran sai da fasa.

Lissafin bakin kwano shi ne inda ƙaramin bambanci ke yin babban aiki. Tagoginmu suna farawa daga santimita 90 daga daɓe, su ƙare a mita 2.1, bakin kwano kuma yana wajen mita 3. Idan ya fito santimita 90 daga bango, a tsakiyar Fabrairu inuwarsa na sauka kusan mita 2 a bangon kudu da azahar, ta rufe tagar kusan duka, a Maris kuma ta rufe bangon har ƙasa. A Disamba inuwar mita 1.3 ce kawai, rana ta shiga ta ƙasan taga, daidai lokacin da sanyin asuba ke sauka ƙasa da digiri 15 ana son ɗumi. Bakin kwano na santimita 30 da aka saba, a Fabrairu inuwarsa ko saman taga ba ta kaiwa. A bangon yamma kuwa ko santimita 90 ba ta da wani tasiri: ƙarfe 4 na yamma a Maris rana tana wajen digiri 38, inuwar ba ta wuce santimita 70 ba, ƙarfe 5 ta koma 40. Yamma sai bishiya ko rumfa. Ga tagogi, mai zane ya kawo ƙa'idar rage amfani da makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, wadda ta ce jimillar tagogi kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na bangon waje, sai dai in an yi musu inuwa. Bangon kudu namu murabba'in mita 54 ne, tagogi shida masu mita 1.2 a 1.5 sun kai iyakar. Mun zaɓi masu buɗewa waje kamar ƙofa, saboda silaidin rabinta kawai ke buɗuwa. Kowane ɗaki ya samu mashiga da mafitar iska, wanda ke jikin lungu aka yi masa kafa mai raga a saman ƙofa. Silin kuma mita 3.2 daga daɓe.

Da zane ya kammala aka kai KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, neman izinin gini. An haɗa zanen mai hatimi, zanen injiniya mai rajistar COREN (hukumar kula da aikin injiniyoyi), takardar safiyo, shaidar mallakar fili, rahoton nazarin wuri daga mai tsara birane, da shaidar biyan haraji. Kuɗin yana bin girman gini da amfanin da za a yi da shi. Jami'ai sun zo sun ga filin, suka duba tazarar da aka bari daga titi da maƙwabta da magudanar ruwa. Aikinsu ke nan. Inda ranar la'asar za ta faɗa damuwar mai gida ce. Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne zanen da aka buga wa hatimi shi ne gidan da doka ta sani. Wanda ya ga dama daga baya ya juya gini ko ya matsa da shi, ya saɓa wa izininsa, sai ya koma neman gyara da sabon jira. Shi ya sa duk gardamar rana da iska muka gama ta kafin a miƙa fayil. Na ajiye kwafi ɗaya mai hatimi a wurin aiki cikin leda.

Ranar fitar da harsashi ita ce wadda mai gida bai kamata ya wakilta kowa ba. Magini yakan ɗauki layinsa daga katangar maƙwabci ko bakin titi, ya ja igiya, ya daidaita kusurwa da awon 3, 4, 5 (a auna 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu ya ba da 5). Namu dattijo ne da ya fara sana'a da tubali da azara, da ya ga filin da aka bari a kudu sai ya ce: “Alhaji, wannan ai ɗaki guda ne aka zubar.” Na ce: “Baba, hanyar iska ce.” Ya yi shiru, can ya ce haka iyayensu ke barin tsakar gida. Muka ɗauki layi daga duwatsun safiyo, muka gwada da fegin gabas da yamma, muka auna tazarar kowane gefe da tef kafin a sa diga. Shi ne ma ya dage a yi bangon waje duka da bulo inci 9, kimanin bulo 10 a kowane murabba'in mita, na yamma kuma a cika ramukansa. Hujjarsa ta masu ginin ƙasa ce, kuma daidai take: a rani Zariya rana zafi dare sanyi, bango mai kauri yana jinkirta zafin rana sa'o'i, kafin ya ratso ciki an buɗe tagogi iskar dare ta kwashe shi. Wanda ya taɓa shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na birni, aikin Babban Gwani na zamanin Sarki Abdulkarim, ko wani tsohon zaure da tsakar bazara, ya san abin da kauri da tsayin rufi ke yi.

A wajen kafinta kuɗi suka fito fili. Rufin gida mai mita 8 a 18 da baki santimita 30 yana rufe murabba'in mita 160; da santimita 90 ya koma 194, ƙarin kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwano da katako. Sai abin hana zafi a saman silin: kaurin milimita 50 na audugar gilas ko soso shi ke cika ma'aunin da ƙa'idar 2017 ta sa wa rufi. Na auna wannan da wuta. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana jan fiye da kilowat 1, fankar sama kuwa wat 70 ko ƙasa, kuma a Afrilun 2024 kuɗin wutar rukunin Band A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, ya koma naira 225 kowane yunit. A farashin wancan lokacin, dare ɗaya na awa 8 a ɗaki ɗaya, in na'urar ba ta hutawa, ya kai wajen naira 2,000. Kwano mun ɗauki mai haske, domin baƙi da ruwan ƙasa mai duhu suna iya haura digiri 70 da rana, silin ya riƙa sauko da zafin. An bar kafofi a ƙarƙashin bakin kwano da can sama don iska ta ratsa, aka rufe su da raga saboda jemagu da ƙadangaru. Dogon baki yana da haɗarinsa: guguwar farkon damina, a Afrilu da Mayu, ta ƙarƙashinsa take shiga ta yaye rufi. Tun lokacin zuba kankaren saman bango aka bar rodi da aka lanƙwasa a kan katakon da rufi ke zaune a kai, kowane ƙarfen ɗauri aka buga shi da ƙusa isasshiya, gefen gabas kuma aka ninka.

Bishiyoyi tun ana harsashi aka dasa su, da daminar farko, aka kewaye da ƙaya saboda awaki da leburori. Darbejiya biyu a yamma, mita 5 zuwa 6 daga bango don saiwa kada ta taɓa harsashi ko sokawe, da zogale a tsakani da ke tashi da wuri kafin manyan su yi inuwa. Itacen turare ban sa ba, yana shanye ruwan ƙasa, rassansa kuma suna karyewa a iska. Kudu maso yamma an bar shi a buɗe, bishiyar da ke nan ana sassabe rassanta na ƙasa iska ta wuce. Tsakar gida ba a shafe ta da siminti ko intalok duka ba, iyakar hanyar mota da ta ƙafa, saboda daɓe yana mayar da zafi ta taga har dare.

Darussan da zan ba mai zuwa a baya 'yan kaɗan ne. A je fili da la'asar, a kuma je bayan ruwa. Wanda ya riga ya mallaki fili mai kallon kudu ko arewa, ya nemi zane mai siffar L ko mai tsakar gida, don tagogin ɗakunan kwana su juya kudu da arewa, bangon yamma ya zama makaho ko mai baranda. A tambayi maƙwabta abin da suke shirin ginawa: bene a yammacinka inuwa ce kyauta, a kudu maso yamma kuwa zai toshe iska, a kudu zai iya rufe sola da rani. Ita solar, tunda tsawon gida ya bi gabas da yamma, rabin rufi yana kallon kudu, nan ne mazauninta, da karkatar digiri 10 zuwa 15 don ruwa ya riƙa wanke ta. Tankin ruwa muka kafa a arewa don inuwarsa kada ta faɗa kan farantan, aka kuma bar wurin jingina tsani da famfo kusa, domin da hunturu ƙura na rufe su cikin 'yan kwanaki, wuta ta ragu, sai an hau an wanke da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.